Tukunyar Inna Hure

Duk wanda ya san Ƙofar Guga ya san gidan marigayi Sammani kafinta, wanda yanzu ba a ce masa komai sai gidan Inna Hure. Ba wani babban gida ba ne. Daga zaure sai rumfar kwano inda mai gidan yake aikin katako a zamaninsa, sai wata gajeriyar katanga, a bayanta kuma murhu da tsakar gida. Da Sammani ya rasu ya bar bencina da bai kai ga sayarwa ba, waɗansu ko fenti bai shafa musu ba. 'Yan'uwansa suka ce a sayar a huta. Inna Hure ta ce atafau, wanda bencin ya tsone wa ido ya je ya yi nasa. Ashe da rabon su yi amfani, don a kansu ake zama karatun wasan kwaikwayo duk ranar Asabar bayan la'asar.

Ita Hure 'yar Batagarawa ce, 'yar manoma, an kawo ta birni amarya tun lokacin da mutum zai shigo gari a kan jaki ba wanda zai waiga ya dube shi. Gajera ce, ga murya, ga saurin hannu. Ɗanwake take yi na sayarwa da safe, kuma ba ta taɓa zuba wa mutum yaji yadda ya roƙa ba, sai yadda ta ga ya dace da shi. Rediyonta na rataye a ƙusa kusa da murhu. In ana wasan kwaikwayo maƙwabta ba sa bukatar kunna nasu, don za su jiyo ta tana faɗa da mutanen cikin akwati: "Kai wawa, kada ka yarda da shi! Ba ka ga idonshi ba?" Ido kuwa a rediyo, ita kaɗai take ganinsa. Karatun boko da girmanta ta koya, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, wai don kada mai kemis ya sayar mata da maganin da ya lalace. Takan bi layi da yatsa, a hankali, amma ba ta tuntuɓe.

Allah ya ba ta 'ya'ya da dama, aure da aiki sun watsa su. Biyu ne labarin nan ya shafa. Akwai auta Zulaihat, wadda take kwalejin horon malamai, wadda Inna Hure take shagwaɓawa har abin ya zama abin tsiya a unguwa. Sai kuma Mannir, ɗanta na fari.

Inna Hure irin matan dā ce masu alkunya ta gaske. Tun ranar da aka raɗa wa Mannir suna, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan", da ya zama malamin makaranta kuma ya koma "mai takardu". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, in ya gaishe ta sai ta amsa tana duban bango. Da aka yaye shi ma uwarta Iya Talatu ce ta zo ta goya shi ta tafi da shi Batagarawa, can ya girma, sai da ya isa shiga sakandare ya dawo birni. A shekarun nan duka abu ɗaya ne Hure ba ta fasawa. Duk wanda zai tafi Batagarawa sai ta ɗaura masa ƙullin busasshen ƙanzon tuwo, ta ce a kai wa tsohuwa. Tsohuwar kuwa haƙoranta sun daɗe da yin sallama da ita. Ba wanda ya taɓa tambaya, ita ma ba ta yi wa kowa bayani ba.

Mannir ya san al'ada, shi ne ma yake koya wa ɗalibai ita a ajin Hausa. Ya yi aure, ya yi gida a Ƙofar 'Yandaka, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Amma sanin abu bai hana shi yi wa mutum ciwo. In ya ga Inna ta jawo Zulaihat jikinta tana ce mata "autata, 'yar lelena", sai ya yi dariya tare da kowa, ya koma gida zuciyarsa ba daɗi.

Shi ne mai rubuta wa ƙungiyarsu wasanni. Ƙungiyar ba ta wasu manya ba ce: malaman makaranta, da Lawwali tela mai muryar da ake ji daga bakin titi, da matarsa Iklima ma'aikaciyar jinya, da 'yan ɗalibai irin su Zulaihat. Mannir yakan ce shi bai yarda da wasan da ya rubuta ba sai ya ji shi a bakin mutane. Magana takan yi kyau a takarda, a zo faɗarta ta harɗe harshe. Barkwancin da ya ba shi dariya shi kaɗai a ɗaki, a gaban jama'a sai ka ji tsit. Kuma in aka bari sai an ɗinka kaya, kowa ya haddace nasa, sannan aka gano ɓaraka, to ba mai yarda a taɓa masa ko kalma ɗaya. Shi ya sa kafin komai sai an yi karatu. A jera benci ɗaya a gaba, 'yan wasa su zauna kowa da takardarsa, babu kwalliya babu tashi tsaye. Lawwali ya riƙa karanta bayanin wuri, ya ce yanzu ga mu a kasuwa, yanzu wane ya shigo. Maƙwabta da abokai su cika sauran bencina. Shi kuwa Mannir ya koma gefe da biro, ba takarda yake kallo ba, fuskoki yake kallo: wa ya yi hamma, wa ya ciro waya, ina aka yi dariya, ina aka yi shiru. In an gama kowa ya faɗi abin da ya gani, har mai sayar da rake na bakin zaure yana da ta cewa.

Suna da wata ɗabi'a kuma. Da yake Mannir mutum ne mai sauya wa mutanen wasansa suna kamar riga, yau Bala gobe Tanko, har masu karatu su rikice, sai aka yanke cewa kafin wasa ya zauna da gindinsa, kowa da sunansa na gaskiya zai amsa. In Iklima ce matar sarkin pawa, to Iklima za a rubuta.

Inna Hure ba 'yar ƙungiya ba ce. Rumfa ta ba su aro, da sharaɗin su share in sun tashi. Amma takan jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bakin katanga, inda ido ɗaya zai ga masu karatu ɗaya ya ga murhu. Lawwali ne ya fara lura da wani abu. In wasa ya yi daɗi, ko tukunya na kuka Inna ba ta motsi. In kuwa magana ta yi tsawo ba gishiri, sai ta dafa gwiwa ta ce, "Bari in duba tukunya." Sai ya fara yin alama a takardarsa duk inda ta tashi. Da suka gwada yanke wuraren, wasa ya miƙe sarai. Daga nan ta zama doka: inda Inna ta duba tukunya, a yanke.

Dokar ta taɓa ja musu abin kunya. Akwai wani wasa da wanzami ya aske wa mai unguwa rabin kai, sai aka zo aka ce masa akuyarsa ta shiga gonar surukinsa, ya jefar da aska ya ruga. Ana tsakiyar karanta wurin Inna ta zabura ta yi bayan katanga. Lawwali ya yi alama, Mannir ya yanke yana jin zafi. Ranar da aka nuna wasan Inna ta zauna tun farko har ƙarshe tana jira, aka tashi ba ta ga wanzami ba. Ta tare Lawwali a bakin ƙofa.

"Ina mai rabin kai?"

"Ai ke kika tashi, Inna."

"Miyata ce ta kama, mutumin banza! Hancinka mi yake yi a fuskarka?"

Tun daga ranar aka yi wa dokar gyara. In Inna ta tashi, Lawwali sai ya ɗaga hanci ya shaƙi iska tukuna. In ya ji ƙauri, ba a lissafa wannan.

A bara Mannir ya kawo sabon wasa, kuma tun karatun farko aka san wannan daban ne. Labarin wani ɗan fari ne da ya tafi kudu neman arziki, ya shekara da shekaru, ya dawo ba ko jaka, kunya ta hana shi shiga gida sai da ƙanwarsa ta jawo shi. Akwai ban dariya a ciki har mai rake ya shaƙe da rakensa. Iklima ce uwa, da tsohon cikinta, tana karatu tana fifita da takarda. Zulaihat ce ƙanwa. Ɗan kuwa Mannir ya ce shi zai karanta da kansa, wai bai ga wanda ya dace ba. Ba wanda ya yarda da wannan dalili, amma aka ƙyale shi.

A fitowa ta ƙarshe ɗan yana durƙushe, uwa ta dube shi ta ce: "Mannir, ɗana, ɗan farina. Ko ka zo hannu biyu babu komai, ka cika mini gida. Ban taɓa kwana ban yi maka addu'a ba. Ina alfahari da kai." Kowa ya san daga ina maganar nan ta fito. Mutum ne ya rubuta abin da ya yi shekaru yana son ji, ya sa a bakin wata.

Iklima na buɗe baki za ta fara, Inna Hure ta dafa gwiwa. "Bari in duba tukunya."

Lawwali ya ɗaga hanci. Babu ƙauri. Ya yi alama.

Mannir ya tafi ya gajarta wurin, Asabar ta zagayo, Inna ta tashi. Ya tsawaita shi, ta tashi. Ya sa uwar ta yi kuka, ya sa ta yi dariya, ya mayar da fitowar zuwa bakin rijiya, duk dai da an zo kan "Mannir, ɗana" sai a ga bayan zanen Inna yana shigewa. Masu sauraro ma sukan yi ɗan tari, su gyara zama, su ce wurin yana da kyau amma akwai wani abu, sun rasa ko mene ne.

"Malam, doka doka ce," in ji Lawwali. "A yanke."

"In aka yanke wurin ga, babu wasa," in ji Mannir. "Don shi na rubuta sauran."

Abin da ba wanda ya sani shi ne, bayan katangar nan ba abin da Inna take dubawa. Tsaye take da ludayi tana juya miyar da ba ta bukatar juyi, kunnenta na rumfa. Kowace kalma tana shiga. Daɗi yakan cika ta, kunya kuma ta rufe ta kamar an kama ta tana sata. Yaya za ta zauna a gaban maƙwabta ana faɗa wa yaron nan irin wannan magana, kowa yana satar kallonta? Sai ta goge ido da bakin zane ta ce itacen nan ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa.

Wata rana bayan an watse Mannir ya tsaya daga bakin katanga, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, don Allah mi ne ne laihin wurin ga?"

Ta juya masa baya tana kwashe tuwo. "Ni na ce shina da laihi? Ke Zulaihat, gaya wa mai takardu ni miyata nike dubawa."

Ya juya ya tafi, ita kuma ta kasa cin tuwon.

Lokaci kuwa ya ƙure. Alhaji Nu'uman, tsohon shugaban makaranta wanda yake jagorantar masu zaɓen wasannin da za a nuna a babban ɗakin taro a bikin ƙarshen shekara, ya yi alkawarin zuwa ya ji karatun da kunnensa. In ya gamsu, wasa ya shiga. In bai gamsu ba, sai wata shekara, in da rai. Mannir bai taɓa kai wasa ɗakin nan ba, kuma Inna ta ga yadda wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ranar ta zo. Inna ta ɗora shinkafa a babbar tukunya saboda baƙi. Rumfa ta cika har zaure, mata a gefe ɗaya maza a ɗaya. Alhaji Nu'uman ya iso da sandarsa, ya tsaya ya gaisa da matar gidan.

"Inna Hure, muna lahiya? Ya gida, ya ɗiya, ya jikoki?"

"Lahiya lau, Alhaji. Ya iyali, ya ƙarhin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya haƙuri da wannan hayaniya da ake kawo maki?"

"Hayaniya ai ita ce gida, Alhaji."

Ana cikin haka sai ga Lawwali ya faɗo rumfa, hula a karkace, baki har kunne. Iklima ta sauka da hantsi, namiji, ita da jariri lafiya lau. Mata suka ɗauki guɗa, maza suka yi ta barka. Aka tambaye shi me ya fito yi to, ya ce matan gida ne suka kore shi, sun ce ba abin da yake yi sai tare hanya. Sai da murna ta lafa aka tuna: babu uwa.

Zulaihat ba za ta iya ba, don ita da uwar suna tare a fitowa ɗaya. 'Yan matan da ke wurin suka noƙe. Lawwali ya ari mayafi ya yafa ya ce shi zai yi, ya buɗe baki ya ce "Ɗana!" da muryar da ta sa tantabarun kan kwano suka tashi. Aka yi dariya har Alhaji Nu'uman ya cire tabarau yana share ido. Mannir kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da takardu, ya rasa inda zai sa kansa.

Sai Zulaihat, 'yar nema, ta ce, "Ai Inna ta iya karatu."

Hure ta harare ta harara mai kyau. Ta san abin da ke ƙarshen takardar nan fiye da kowa. Ta buɗe baki za ta ce tana da tukunya a wuta, sai idonta ya faɗa kan wancan, ba ta yi niyya ba. Ya sunkuyar da kai, riƙe da takardun. Wata da watanni yana wahala a kan abin nan, ga shi zai zube a gaban baƙo.

"Miƙo nan," ta ce. "In na ɓata ku kuka ja."

Aka ba ta wuri a bencin gaba, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa sosai ba. Ta ɗora yatsa a kan layi. Da farko muryarta a ɗaure take, amma shekarun da ta yi tana faɗa da rediyo ba su tafi a banza ba. Kafin a yi nisa ta saki jiki. Inda uwa take ciniki da mai kayan koli, ta yi masa tayin wulaƙanci har wanda yake karanta mai kolin ya manta a wasa yake ya fara rantsuwa. Inda take yi wa Zulaihat faɗa kuwa, ba sai an koya mata ba. Jama'a suna ta kwasar dariya, Alhaji Nu'uman yana buga sanda a ƙasa. In sunan ɗan ya zo a tsakiyar magana sai ta tsallake ta ce "wancan", ba wanda ya damu.

Har aka zo fitowa ta ƙarshe. Lawwali ya rage murya ya karanta: "Ɗa ya shigo tsakar gida, ya durƙusa gaban uwarsa. Uwa ta dube shi."

Yatsan Inna ya sauka a kan kalmar farko ya tsaya. Ga sunan nan baƙi a kan fari, ta san kowane harafinsa. Hannunta ɗaya ya tafi gwiwa da kansa, amma ina, yau ita ce a bencin gaba, in ta tashi wasa ya mutu. In ta faɗa kuma, ta faɗi abin da uwarta da kakarta ba su taɓa faɗa ba, a gaban rabin Ƙofar Guga. Mannir na nesa da ita da mutum ɗaya, bai ɗago ba.

Sai ta kife takardar a cinya. Ta juya wajen Zulaihat, ta ɗaure fuska.

"Ke, kin tsaya kina kallon mutane. Ba ki ga an sha hanya ba? Kawo ruwa. Ki shimhiɗa tabarmar nan sabuwa, ba tsohuwar ba." Zulaihat ta duba takardarta, babu wannan a ciki. Inna ta ci gaba. "Ki duba ɗaki, rigunan da aka bari suna nan cikin adaka, ina wanke su duk shekara. In an tambaye ki kaya, ki ce ba mu aiki kowa ya kawo muna kaya ba. Mutum muke jira, kuma ya zo. Sannan ki kankaro ƙanzo. Kada ki jiƙa shi sosai, an hi son shi da ɗan ƙarhi, a sa man shanu kaɗan, ban da yaji. Tun ana Batagarawa haka ake so."

Babu Batagarawa a cikin wasan nan. Ƙauyen wasan wani ƙauye ne da Mannir ya ƙirƙira. Waɗanda suka san gidan suka dubi juna. Wata tsohuwa a bencin mata ta ce "Allah sarki" a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Saura Mannir ya karanta nasa, amma ya kasa. Yana zaune yana ganin ƙullin ƙanzon da yake zuwa gidan Iya Talatu tun yana yaro, wanda kakarsa take miƙa masa ta ce ga abin da aka aiko mata daga birni, ita ba ta da abin tauna shi. Bai taɓa tambayar kansa ba, sai yau da furfura a gemu. Hawaye ya sauko masa, bai ko share ba. Lawwali ya duba takarda, ya duba uwa da ɗa, ya ce da muryar da ba a san yana da ita ba, "Nan wasa ya ƙare."

Aka ɗan jima kafin tafi ya ɓarke. Da ya lafa Alhaji Nu'uman ya gyara murya ya ce ya daɗe bai ga an rubuta uwa irin wannan ba, uwar da ba ta dubi ɗanta ba amma kowa ya ga inda idonta yake. Ya tambayi Mannir yadda aka yi ya samo wannan ƙarshe.

"Ba ni na rubuta ba, Alhaji," in ji Mannir. "Nawa na nan a takarda, wata da watanni ina gyara shi ya ƙi gyaruwa. Yanzu na ji dalili." Ya ciro biro ya ja layi a kan shafin tun daga sama har ƙasa, yana dariya yana jan hanci. Ya ce wa Zulaihat ta yi maza ta rubuta abin da Inna ta faɗa kafin a manta.

"To a kawo muna shi haka," in ji Alhaji Nu'uman. "Ya shiga."

Inna Hure ba ta tsaya jin sauran ba. Ta sauko daga benci ta ce, "Na ɓata maku wasa, ku kuka ja. Bari in duba tukunya." Lawwali ya ɗaga hanci don tsokana, sai ya zabura, don wannan karon ƙauri har zaure. Shinkafar baƙi ta kama tun tuni ba wanda ya ji. Aka ci ta sama-sama ana dariya, ƙanzo kuwa ranar ya yi albarka. Zulaihat ta kankaro ta kawo wa yayanta a kwano, da man shanu kaɗan, babu yaji. Ya zauna a bencin ubansa ya cinye tas.

Da kwanan suna ya zagayo, Lawwali ya raɗa wa jariri Mannir. Da hantsi, bayan maza sun ragu, aka ce a fito da yaro zaure takwaransa ya gan shi. Inna Hure tana cikin matan da suka je yini, kuma ita ta karɓe shi daga hannun Iklima ta ce ita za ta kai, 'yan matan yanzu ba su iya riƙon jariri ba. Ta fito da shi naɗe a cikin tawul. Mannir da Lawwali suna zaune a tabarma. Ba ta dubi kowa ba, ba ta kuma miƙa yaron ba. Ta tsaya a tsakiyar zaure tana jijjiga shi, ta sunkuya kan 'yar fuskarsa.

"Mai sunan malam," ta ce. "Kai, mai sunan malam. Ko ka zo hannu biyu babu komi, ka cika mini gida. Ban taɓa kwana ban yi maka addu'a ba."

Mannir ya ɗago kai. Maganar da ya soke ce, kalma bayan kalma, wadda ake cewa ba ta taɓa zama ta ji ba.

"Inna," in ji Lawwali, "yaron da ya zo duniya makon jiya, yaushe har kika yi mashi wannan addu'a haka?"

"Wa ya sa da kai? Da ɗan mutane nike magana."

Ta gyara wa jaririn tawul. Ta waiga wajen ƙofar cikin gida kamar mai neman hanya. Amma gidan ba nata ba ne, ba ta da tukunya a wuta. Sai ta tsaya inda take, ta ƙara matso da yaron kusa da bakinta, ta faɗa da ƙarfin da zai kai tabarma.

"Ina alfahari da kai."